Daga Soron Ƙasa zuwa Dogon Bene: Kula da Hanyoyin Sanyaya Gini Tun Kafin Su Lalace

Duk wanda ya taɓa ratsa lungunan cikin birnin Kano da tsakar rana a watan Afrilu, ya kuma sami dalilin shiga wani tsohon zaure na ƙasa a Yakasai ko Madabo ko gindin Dala, ya san abin da jiki yake ji da zarar an tsallake dokin ƙofa. A waje zafi yakan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ma ya wuce, amma a ciki sai a ji wata ni'ima kamar an zauna kusa da randa, alhali babu fanka babu inji. Tafiya kaɗan daga nan, ta wajejen Ƙofar Nassarawa da titin BUK, ga manyan benaye na siminti irin su Gidan Ado Bayero da Gidan Murtala. Gini irin wannan, a ko'ina yake a ƙasar zafi, ba ya daɗin zama da bazara sai da na'urar sanyaya ɗaki, wato iyakwandishan.

A ido waɗannan gine-gine biyu ba su da wata dangantaka. A wajen masanin kimiyya kuwa matsala ɗaya suke ƙoƙarin warwarewa, kuma ciwo ɗaya ne yake kashe su, wato a bar su ba kulawa har sai sun lalace. Wannan darasi zai duba yadda kowannensu yake aiki, da abin da ake yi masa tun yana da lafiya domin kada a kai ga babban gyara.

Zafi ba ya ɓacewa

Abu na farko da ya kamata ɗalibi ya riƙe shi ne, babu wani inji da yake ƙera sanyi. Sanyi ƙarancin zafi ne kawai, kamar yadda duhu yake rashin haske. Zafi wani nau'i ne na makamashi, kuma a kan kansa kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wurin da bai kai shi zafi ba. Yakan ratsa abu mai tauri, kamar yadda mariƙin ludayin ƙarfe yake ɗaukar zafi idan an bar shi cikin miya. Iska ko ruwa sukan ɗauke shi su tafi da shi. Yakan kuma zo a cikin haske, kamar hucin rana ko na garwashi.

Akwai kuma wata hanya da ta fi muhimmanci ga wannan darasi. Duk lokacin da ruwa zai zama tururi sai ya sha zafi daga abin da yake kusa da shi, kuma ba kaɗan yake sha ba: lita ɗaya ta ruwa tana buƙatar kimanin kilojul 2,400 kafin ta bi iska. Dalili ke nan da ruwan tulu da na randa yake sanyi, domin kaɗan daga cikinsa yana tsattsafowa ta ƙananan ƙofofin yumɓu yana bushewa. Da wannan hikima ce Malam Mohammed Bah Abba, wani malami a Jihar Jigawa, ya yaɗa dabarar saka tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani domin adana kayan gwari, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

Saboda haka sanyaya gini hanya biyu gare shi. Ko dai a tare zafi kada ya shigo da wuri, ko kuwa a kwashe wanda ya shigo a fitar da shi. Maginan cikin birni hanya ta farko suka bi, injiniyoyin zamani kuma ta biyu.

Yadda soron ƙasa yake aiki

Bangon tsohon gida a cikin birni da tubali ake tayar da shi, wato curarriyar jar ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa aka busar a rana. Yakan yi kauri ƙwarai daga ƙasa, ya riƙa sirancewa yayin da yake hawa. A rufe sama da azara, itacen giginya da gara ba ta cika ci ba, sa'an nan a ɗora ƙasa a daɓe. Da yake azara ba ta ɗaukar nauyi mai yawa idan tazara ta wuce kimanin ƙafa shida, sai magina suka ƙware wajen ɗaure bakan gizo da tulluwa domin a sami ɗaki mai faɗi da tsawo, kamar yadda ake gani a Gidan Makama da kuma Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya kafa.

Bango mai wannan kauri yana da nauyi, kuma ƙasa ba ta saurin barin zafi ya ratsa ta. Zafin da ya bugi bayan bango da hantsi yakan ɗauki sa'o'i masu yawa, takwas ko goma ko fiye gwargwadon kauri, kafin ya isa ciki. Kafin nan rana ta faɗi, waje ya fara hucewa, sai wani kaso na zafin ya juya ya koma inda ya fito. Da dare kuma bango ya huce sarai, ya wayi gari a shirye ya sake sha. Wato bangon yana aiki ne kamar rumbu: ya tara da rana, ya fitar da dare. Ƙananan tagogi da ake yi can sama suna fitar da iska mai ɗumi, tun da ita ce take tashi sama, matsattsun lunguna kuwa suna sa gida ya yi wa gida inuwa. Da hunturu, lokacin da daren Kano yakan sauko wajen digiri 13 ko ƙasa da haka, wannan bango ɗin ne dai yake ɗumama ɗaki da zafin da ya tara da rana. Gini ɗaya yana aikin sanyaya wa da na ɗumama wa, ba tare da an biya kuɗin wuta ba.

To amma duk wannan ya dogara ne a kan sharaɗi guda, wato bango ya kasance a bushe. Busasshiyar ƙasa cike take da ƙananan ramuka masu iska a ciki, iska kuwa ba ta iya tafiyar da zafi. Ruwa ya fi iska iya tafiyar da zafi fiye da sau 20. Idan ruwa ya cika waɗannan ramuka bango ya rasa ingancinsa, ya ƙara nauyi, ya yi laushi, azara ta fara ruɓewa. Shi ya sa kusan dukan fasahar kula da gidan ƙasa ta koma kan hana ruwa zama. Akan shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa. Akan yi laso da katsin marina da gashin jima da dafara, a shafe rufi da rawani da zankwaye, inda ruwan sama ya fi duka. Akan kafa indararo mai tsawo domin ya jefa ruwa nesa da gindin bango.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da yake dawwama, kuma maginan da ba su taɓa cewa yana dawwama ba. Kowace shekara kafin saukar ruwan fari mai gida yakan sa a hau soro a cire ciyawar da ta tsiro, a toshe tsaga, a share bakin indararo, a sake yaɓe inda ya zaizaye. Tsagar da a watan Afrilu kwando biyu na ƙasa zai toshe ta, idan aka bar ta ta sha ruwan Agusta tana iya kawo rufin ɗaki gaba ɗaya ƙasa, kuma sau da yawa da dare hakan yake faruwa, mutane suna barci a ciki. Ganuwar Kano kanta, wadda aka fara ginawa zamanin Sarki Gijimasu (1095 zuwa 1134), da aikin gayya na gyara ta kai ɗaruruwan shekaru a tsaye. Da wannan al'ada ta ja baya, bayan zuwan Turawa a 1903, ruwan sama da hannun mutane suka yi mata abin da mayaƙa ba su yi ba. A garin Jenne na ƙasar Mali mutanen gari sukan fito kowace shekara su sake yaɓe babban masallacinsu, wanda aka gina a 1907. A Shibam ta ƙasar Yemen akwai gidajen ƙasa masu hawa biyar har zuwa goma sha ɗaya, kuma da irin wannan shafe ne suke tsaye.

Abin takaici ne yadda wasu gyare-gyaren zamani suke ɓata wannan tsari. Akan shafe bangon ƙasa da siminti da niyyar a huta da yaɓe. Amma siminti da ƙasa ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna idan zafi ya canja, don haka simintin yakan tsage, ruwa ya shiga ta tsagar ya rasa hanyar fita, bango ya riƙa narkewa daga ciki alhali fuskarsa tana nuna lafiya. Akan kuma cire rufin azara a sa kwano ba tare da silin ba. Kwano a ranar bazara yakan wuce digiri 60, ya riƙa turo hucinsa kai tsaye kan mutanen ɗaki. Daga nan sai a fara neman fanka, daga fanka kuma sai iyakwandishan.

Abin da yake cikin iyakwandishan

An ƙirƙiro iyakwandishan na zamani a shekarar 1902, lokacin da wani injiniya Ba'amurke mai suna Willis Carrier ya tsara wa wata maɗaba'a a Brooklyn na'urar rage laima, saboda takarda tana kumbura launuka suna kaucewa. Ba don jin daɗin mutane aka fara yin ta ba.

Aikinta bai bambanta da na randa ba, sai dai a maimakon ruwa ana amfani da wani sinadari da makanikai suke kira gas, wanda yake tafasa tun yana da tsananin sanyi. Wanda ake kira R-22, alal misali, a sararin iska yana tafasa a wajen digiri 41 ƙasa da sifili. Wannan gas yana zagayawa a rufaffen bututun jan ƙarfe. A ɓangaren da yake cikin ɗaki yana shiga naɗaɗɗen bututu yana ruwa-ruwa, ya tafasa ya zama tururi, a wajen tafasar ya shanye zafin iskar da fanka take turowa. Daga nan kwamfuresa ta zuƙe tururin ta matse shi. Matsi yana ƙara zafi, kamar yadda famfon keke yake ɗumi a hannu idan an daɗe ana buga iska. Tururin ya fita zuwa ɓangaren waje ya fi iskar gari zafi, saboda haka sai zafinsa ya fice ta siraran fayafayan alminiyam masu kama da na lagireton mota, ya koma ruwa. Sai ya bi ta wata tsukakkiyar ƙofa wadda take sauke matsinsa, ya yi sanyi, ya sake shiga ɗaki.

Na'urar da ake kira mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana kwashe kimanin kilowat 3.5 na zafi daga ɗaki, tana cin wuta kilowat ɗaya da 'yan kai. Duka biyun, wato sama da kilowat 4.5, a waje ake zubar da su. Domin a gane girman aikin, mutum a zaune yana fitar da zafi kimanin wat 100. Aji mai ɗalibai 60 ke nan yana fitar da kilowat 6, kusan aikin na'ura biyu, tun ba a yi lissafin rana da kwano ba.

Idan aka fahimci cewa na'urar hanya ce da zafi yake bi, to an fahimci kulawar da take bukata, domin duk abin da ya tare hanya shi ne ciwo. A Kano babban mai tare hanya shi ne ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu tana kawo lallausan ƙura daga hamada, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. Ƙurar tana toshe rariyar da take tace iska a ɓangaren ɗaki, iska ta ragu, bututu ya yi sanyi fiye da ƙima har ƙanƙara ta kama shi, ƙanƙarar kuma ta ƙara toshe hanya. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsabtace ko canja toshasshiyar rariya yana rage cin wuta da kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari. Aiki ne na minti goma da ruwa da sabulu, wanda ya kamata a yi duk mako biyu a lokacin ƙura. A ɓangaren waje kuma ƙura tana lulluɓe fayafayan kamar bargo, zafi ya kasa fita, gas ya ƙara zafi da matsi. Ƙa'idar da injiniyoyi suke aiki da ita ita ce, duk ƙarin digiri ɗaya a nan yana ƙara cin wuta da kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari. Kwamfuresa ta yi ta wahala har wayoyinta su ƙone, ita ce kuwa mafi tsada a jikin na'urar. Abin lura shi ne ƙurar tana taruwa ne da hunturu, lokacin da na'urar take kashe babu mai tunawa da ita, sa'an nan a kunna ta a watan Maris a ɗora mata aiki mafi nauyi na shekara.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, wato da zarar sanyi ya ragu sai a kira makaniki ya ƙara gas. Gas ba fetur ba ne, ba ya ƙarewa da aiki, tun da a rufe yake zagayawa. Idan ya ragu to akwai inda yake yoyo, galibi a mahaɗar bututu, kuma kumfar sabulu ma tana iya nuna wurin. Wanda ya ƙara gas bai toshe yoyo ba daidai yake da mai zuba ruwa a fasasshen tulu. Asarar ba ta tsaya ga aljihu ba. R-22 yana cin rufin ozon da yake kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, shi ya sa ake janye shi a ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1987. Wanda ya gaje shi, R-410A, ba ya taɓa ozon, amma kilo ɗaya nasa yana ɗumama duniya kamar kilo 2,000 na iskar kabon-dayoksaid, don haka gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016 ya shafe shi shi ma. Wasu daga cikin sababbin gas ɗin, kamar R-290, suna kama wuta, saboda haka ba aikin ɗan koyo ba ne ya kusance su da wutar walda.

Sauran kulawar ba ta da wuya. Na'urar tana tatso ruwa daga laimar iska, musamman da damina, kuma idan bututun da yake fitar da shi ya toshe da gansakuka sai ruwa ya bi bango, wanda a gidan ƙasa babbar ɓarna ce. Wannan bututu shi ne indararon na'urar. Idan kuma wuta ta ɗauke ta dawo nan take, ya kamata a jira minti uku kafin a kunna, domin matsin ɓangarorin biyu ya daidaita, in ba haka ba kwamfuresa za ta yi ƙoƙarin tashi da kaya a kanta.

Idan gini ya yi tsawo

A manyan biranen duniya akwai dogayen benaye na zama waɗanda aka rarraba sashe-sashe, kowane iyali ya mallaki nasa, amma rufi da matakala da lif da tankin ruwa da injuna na kowa da kowa ne. A Nijeriya sanannen misali shi ne rukunin gidaje na 1004 a Victoria Island ta Legas, wanda aka buɗe a 1979. A yawancin irin waɗannan gine-gine, da manyan otal-otal da asibitoci da ofisoshi, ba a sa wa kowane ɗaki injinsa. Akan girka babban inji guda da ake kira cila, wanda yake sanyaya ruwa zuwa kimanin digiri 7. Famfuna su tura ruwan ta bututu zuwa kowane hawa, fankoki su busa iska a kansa, ruwan ya dawo ya ɗan yi ɗumi, wajen digiri 12, a sake sanyaya shi. Dalilin amfani da ruwa shi ne, bokiti ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafin da sai bokiti sama da 3,000 na iska za su ɗauka.

Zafin da cila ta tara kuwa, sau da yawa akan kai shi kan rufi zuwa wata hasumiyar sanyaya ruwa, inda ake yayyafa ruwa mai ɗumi fanka tana busa shi, kaɗan ya zama tururi saura ya huce. Randa ce dai, amma ta ƙarfe. Ana auna ƙarfin irin waɗannan injuna da tan, wato zafin da zai narkar da kilo 907 na ƙanƙara cikin sa'a 24, daidai da kilowat 3.5. Gini mai buƙatar tan 100 zai zubar da sama da kilowat 400 a hasumiya. Idan aka raba wannan da kilojul 2,400, za a ga ruwa sama da lita 600 yana bin iska kowace sa'a.

Ruwa ne kaɗai yake tafiya, gishirin da ya narke a cikinsa yana nan. Haka yake taruwa har ya daskare a jikin bututu, kamar farin ɓawon da ake gani a cikin butar shayi, ya hana zafi ratsawa. Maganinsa shi ne a riƙa zubar da wani kaso na ruwan ana ƙara sabo, ana zuba magungunan hana daskarewa da tsatsa, ana kuma goge bututun cila aƙalla sau ɗaya a shekara. Fanka tana buƙatar a duba bel ɗinta, boris yana buƙatar giris. Ma'aikacin kirki yana da littafi da yake rubuta zafin ruwa mai shiga da mai fita, da matsin gas, da yawan wutar da inji yake ja, kowace rana. Adadin rana ɗaya ba ya faɗin komi, amma idan aka jera na wata uku za a ga ciwo yana tahowa tun inji bai fara ƙara ba. Wannan littafi shi ne madadin idon magini da yake hawa soro yana neman tsaga.

Akwai haɗari da ya fi asarar wuta. A watan Yuli na 1976 tsofaffin sojojin Amurka suka yi taro a wani otal a birnin Filadelfiya. Bayan sun watse sai wani ciwon huhu ya kama mutum 182, 29 daga cikinsu suka mutu. Sai a watan Janairu na 1977 masana suka gano ƙwayar bakteriyar da ta jawo shi, aka sa mata suna Lejiyonela, kuma bincike ya karkata ga na'urorin sanyaya otal ɗin. Wannan ƙwaya tana yaɗuwa a ruwa mai ɗumi, tsakanin digiri 25 da 45, musamman inda ya kwanta da datti da gansakuka, ana kuma kamuwa da ita ta hanyar shaƙar feshin ruwan. Hasumiyar da aka yi sakaci da ita ta cika dukan waɗannan sharuɗɗa, ga kuma fanka da za ta watsa feshin ga maƙwabta. Bayan wata ɓarkewar cutar a unguwar Bronx a 2015, birnin New York ya kafa dokar da ta tilasta yi wa kowace hasumiya rajista da gwada ruwanta a kai a kai. Ƙaramar iyakwandishan ta gida ba ta da wannan hasumiya, amma tankin ruwa da ya daɗe a rana ba a wanke ba ya cancanci a sa masa ido.

Ɗumama ɗaki

A ƙasashen sanyi rabin aikin irin waɗannan gine-gine ɗumama wa ne, da babbar tukunyar da take dafa ruwa ana tura shi ɗakuna, kuma doka takan tilasta a duba ta saboda fashewa da hayaƙi. A Kano wannan buƙata ba ta wuce 'yan makonni ba, kuma kaskon garwashi ne yake biyan ta. Haɗarin dai iri ɗaya ne. Gawayin da yake ci a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da iskar kabon-monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar oksijin. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya jin ko ɗaya. Haka hayaƙin janareto yake idan an ajiye shi a zaure ko ƙarƙashin matakala. 'Yar tagar nan ta sama da wasu suke cusa wa tsumma da hunturu, magini bai yi ta don ado ba.

Abin da yake na kowa

Injiniyoyi da dama za su shaida cewa abin da ya fi wuya a dogon bene ba injin ba ne, kuɗin kula da shi ne. Na hawa na ɗaya yana ganin yoyon rufi bai shafe shi ba, na hawa na goma yana ganin famfon da yake ƙasa ba nasa ba ne. Kuɗin kulawa kuwa ana biyansa ne lokacin da komi yake lafiya, don haka mai biya ba ya ganin abin da ya saya. Shi ya sa a ƙasashe da yawa doka take tilasta wa masu sassa su kafa ƙungiya, su riƙa biyan kuɗin hidima duk wata, su kuma ware asusu na musamman domin ranar da za a canja babban inji, tun da cila takan yi shekara 20 zuwa 25 ne idan ta sami kulawa.

Mutanen cikin birni ba baƙi ba ne ga wannan matsala. Katanga ɗaya takan raba gida biyu, indararon wani yana zuba a gindin bangon wani, kwata ɗaya take fitar da ruwan lungu duka. Gidan gado da 'yan'uwa da yawa suke zaune a ciki, kowa yakan gyara ɗakinsa, amma zauren da kowa yake bi shi ne yakan fara faɗuwa. Irin wannan magana takan kai gaban mai unguwa, kuma galibi a watan Agusta take kaiwa, lokacin da ya kamata a ce an yi ta tun Afrilu.

Aikin aji

Malami zai iya raba ɗalibai gida uku. Rukuni na farko su sami ma'aunin zafi, su auna cikin wani zauren ƙasa da cikin wani ɗaki mai rufin kwano da kuma inuwar waje, da ƙarfe 7 na safe, da 2 na rana, da 9 na dare, har kwana uku, su zana jadawali su nuna lokacin da kowane wuri ya kai ƙololuwar zafinsa. Rukuni na biyu su naɗe kan ma'auni ɗaya da jiƙaƙƙiyar auduga su bar ɗaya a bushe, su yi musu fifita na minti biyar su rubuta bambancin, sa'an nan a ajiye sakamakon a sake gwajin a watan Agusta a kwatanta da na Fabrairu. Rukuni na uku, inda akwai iyakwandishan a ofishin makaranta, su nemi izini su auna zafin iskar da take shiga da wadda take fitowa, a kashe na'urar daga soket a wanke rariya, a bar ta ta bushe, a mayar a sake aunawa. A na'ura mai lafiya bambancin yakan kasance tsakanin digiri 8 da 12. Kada ɗalibi ya buɗe ɓangaren waje ko ya taɓa wayoyi, domin akwai kafasita a ciki da take riƙe wuta ko bayan an kashe na'urar.